Na'urar auna iskar radon a ɗaki: tana aiki, amma ba ta mai gaggawa ba ce

Likitan da ke duba mahaifina kan ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda suke kira COPD, shi ya fara yi mana zancen radon, wata iska da ke iya haddasa sankarar huhu. Baba ya daɗe da barin sigari, amma likitan ya ce huhun da hayaƙi ya riga ya jigata bai kamata a ƙara masa wani nauyi ba. Abin da ya sa na sayi na'urar ke nan.

Girmanta bai wuce na wayar hannu ba. Ƙananan batura take ci, ba ruwanta da intanet, ba ta ƙara. Allonta yana nuna matsakaicin yawan radon na yini ɗaya, na mako, da na dogon zango, dukkansu da bekarel, wato ma'aunin radiyeshan, a kowace kubik mita ta iska. Ka ajiye ta nesa da taga da ƙofa, shi ke nan.

Radon iska ce marar launi marar wari, tana fitowa daga yuraniyam da ke cikin ƙasa da duwatsu, ta silalo cikin gida ta tsagar daɓe da gefen bututu. Rabinta yana narkewa cikin kwana 3.8, kuma abin da take rikiɗewa ta zama, musamman foloniyam, shi ke maƙalewa a hanyoyin numfashi yana harba ƙwayoyin alfa, wani nau'in radiyeshan. Waɗannan ko takarda ba sa iya hudawa, amma a cikin huhu ba abin da ya raba su da ƙwayoyin halitta. Sukan tsinke duka igiyoyi biyu na DNA, wato kundin umarnin da ke cikin ƙwayar halitta, a wuri guda, wanda shi ne tsinkewar da ta fi wuyar gyara. Jiki yana ɗinkewa, wani lokaci ya ɗinke ba daidai ba. Idan kuskuren ya faɗa kan sashen DNA da ake kira TP53, wanda aikinsa shi ne tsayar da ƙwayar da ta lalace kafin ta hayayyafa, sai kurakurai su yi ta taruwa ba mai tsawatarwa, har abin ya iya zama sankara. Ga mai COPD kuma, kumburin da ba ya ƙarewa yana nasa ɓarnar a kan DNA ɗin tun kafin radon ta zo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce radon ce ke haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na sankarar huhu, gwargwadon ƙasa, kuma haɗarin ga mai shan sigari ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25. A 2009 ta ba da shawarar bekarel 100 a matsayin iyaka, kada a wuce 300. Amurka tana amfani da kusan 148.

Inda na'urar ta ba ni haushi shi ne lambar yini ɗaya. Yau ta haura iyaka, gobe ta faɗo, jibi ta sake tashi don kawai an kwana da tagogi a rufe. Baba ya mayar da ita abin leƙawa kowace safiya, hankalinsa ya riƙa tashi a banza. Ba ƙarya take yi ba, haka radon take hawa da sauka, amma da ni ne mai ƙera ta, da na ɓoye wannan lambar. Takardar bayanin ma ta yi ƙanƙanta, ba ta faɗi ɓaro-ɓaro cewa sai an yi wata uku aƙalla kafin a yanke hukunci ba.

Lambar dogon zango ita ce ta biya kuɗinta. Ta nuna ɗakin Baba na ƙasa ya zarce iyakar hukumar kaɗan, na sama kuwa lafiya lau. Muka liƙe tsagogin daɓen, muka sa fankar fitar da iska, muka sake aunawa, lambar ta sauka. Wannan sake aunawar ita ce fifikonta a kan ɗan gwangwanin auna radon da ake ajiyewa watanni sannan a aika ɗakin gwaji, wanda sau ɗaya yake aiki.

Kada dai wani ya saye ta yana zaton za ta gaya masa halin da huhunsa yake ciki. Iskar ɗaki take aunawa. Mai tsohon tarihin sigari, zancen hoton huhu na CT mai ƙaramin haske zai yi da likitansa, kuma Baba yana kan layin yin nasa.