Neman haya ta hannun dillali a Jos: lissafi mai tsabta, fom mai ɗaci

Na shafe kusan wata biyu ina hulɗa da wani ofishin dillalan gidaje da ke saman wani bene kusa da Terminus, kuma da yake abokan aikina sun yawaita tambayata ko su ma su je can, na ga ya dace in rubuta abin da na gani. Ni malamar makaranta ce, aurena ya mutu shekara uku da suka wuce, ina zaune da yarana biyu a gidan iyayena a Anguwan Rogo, wurin aikina kuwa yana kan hanyar Bukuru. Abin da nake nema bai wuce ɗaki biyu da falo ba, a inda zan huta da canjin keke napep da motar haya kowace safiya cikin sanyin hunturu.

Ta fuskar kuɗi ba ni da abin zargi. Sun gaya mini tun ranar farko cewa la'adarsu kashi 10 cikin 100 ce na kuɗin hayar shekara, kowane kwabo da na biya an ba ni rasit, kuma matashin da ya riƙa zagayawa da ni bai taɓa ɓoye aibin gida ba: inda rijiya ke ƙafewa da rani ya faɗa, inda mita ɗaya ce ta haɗa 'yan haya huɗu ya faɗa. Wanda ya san dillalan bakin titi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar ta fara ne daga fom. Bayan suna da sana'a, sai ga layin addini, da na ƙabila, da na ƙaramar hukumar asali, da na matsayin aure. Na cike su duka, sai na lura cewa matashin ya jawo babban littafin gidajensu, ya sa yatsa yana tsallake shafi bayan shafi ba tare da ya bari na leƙa ba. Da na tambaye shi wani gida da na ga hotonsa manne a bango, sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, mai gidan ya ce mutanensa kawai yake so." Ban ji haushinsa ba, domin da gani shi ma kunya ce ta kama shi.

Duk ɗan Jos ya san inda wannan magana ta samo asali. Tun rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, da na Janairu 2010, mutane suka yi ta sayar da gidaje ko musanya su, Musulmi suka tattare a irin su Gangare da Rikkos da Anguwan Rogo, Kirista a irin su Anguwan Rukuba da Jenta, har garin da haƙar kuza ta tara wa mutane daga ko'ina, kakana na cikinsu, ya koma kowa ya san iyakarsa. Tsoron da ke zuciyar mai gida na fahimce shi, kuma ba zan yi ƙaryar cewa mu muna da tsabta ba, don wata abokiyar aikina Kirista ta tuna mini cewa ita ma ba wanda zai ba ta ɗaki a layinmu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ofishi mai rajista ya mai da wannan tsoro layi a fom, ya riƙa tace mutane a madadin masu gida, alhali sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci ƙabila da asali da jinsi da addini a matsayin abubuwan da bai kamata a tauye ɗan ƙasa saboda su ba. Na kuma lura cewa da aka zo kan gidajen Rayfield, waɗanda hayarsu ta ninka ƙarfina sau da yawa, ba a tsallake ko shafi ɗaya ba. A can aljihu kawai ake dubawa.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa daga namu ya fito. An kai ni wajen wani dattijo Musulmi, Bahaushe, gidansa ya yi mini, mun gaisa cikin mutunci, ya duba takardar albashina ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "'Yata, ina maigidan?" Da na ce ni bazawara ce, sai fara'ar ta ɗauke, ya ce shi ba ya ba mace mara miji haya, gudun ta riƙa tara masa baƙi. Dillalin bai ce uffan ba. A hanyar dawowa ne ya ba ni shawarar da ta nuna mini ba yau ya fara jin irin wannan ba, wato nan gaba in zo da namiji, ko wane ne.

Daga ƙarshe an samo mini gida a Dadin Kowa, ɗaya daga cikin unguwannin da har yanzu Musulmi da Kirista ke zaune a cakuɗe. Gidan yana da tankin ruwa da mitarsa ta kansa, kuma minti goma ne zuwa makaranta. Na tafi da yayana, wanda bai sa ko sisi a ciki ba, ya zauna a kujerar gaba, shi aka yi wa bayani, shi ya sa hannu, cikin rabin sa'a aka miƙo makulli. Wanda yake da kuɗinsa a hannu kuma sunansa ya dace da unguwar da yake so zai ji daɗin wannan ofishi. Ni kuwa sau biyu ke nan ina komawa don a gyara yarjejeniyar ta koma sunana, kuma kullum amsar ita ce sai Yaya ya zo da kansa.