Vale wajen gyaran littafin jagoran Vim: gwana ce a kalmomi, amma ba ta san tsarin shafi ba

Littafin jagoran Vim, manhajar rubutun da marigayi Bram Moolenaar ya fitar a 1991, ya ratsa hannuwa da yawa cikin shekaru fiye da 30. Rubutun da ya sha hannu haka ba ya rasa saɓani: wani ya rubuta maɓalli ɗaya da CTRL-W, wani Ctrl+W, wani kuma ^W. Vale, manhaja ce ta kyauta da aka gina da yaren rubuta manhaja na Go, an yi ta ne don kama irin wannan.

Girka ta ba wuya, fayil ɗaya ne. Sai a ƙirƙiri .vale.ini, a nuna mata inda ƙa'idoji suke da StylesPath, a zaɓi matakin ƙorafi da MinAlertLevel. Matakan uku ne: suggestion, warning da error. Kowace ƙa'ida ɗan ƙaramin fayil ne na YAML.

Inda ta fi burgewa shi ne ƙa'idar substitution. A ƙarƙashin swap ana jera abin da ba a so da wanda zai maye gurbinsa, misali normal mode ya koma Normal mode, kamar yadda Vim ke rubuta sunayen yanayinta da babban baƙi. Tana kawo lambar layi da gurbin da kalmar take, don haka mai gyara ba ya lalube. Amma akwai tarko biyu. Abin da ake nema tsarin regex ne, wato salon bincike da wasu alamomi ke da ma'ana ta musamman a cikinsa, saboda haka alamar + da ^ sai an sa musu \ a gaba. Na biyu, Vale tana kewaye abin nema da iyakar kalma, kuma ^W ba da harafi ya fara ba, shi ya sa yake wucewa ba a kama shi ba. Maganinsa a ƙara nonword: true. Mutane da yawa suna ganin shiru su ɗauka rubutun ya tsabtata, alhali ƙa'idar ce ba ta kama komai ba. Kowace sabuwar ƙa'ida a fara gwada ta a kan layin da aka san yana da kuskure.

Ƙa'idar consistency kuwa ba ta zaɓar maka, tana dai ƙorafi idan siffofi biyu na kalma sun haɗu a fayil ɗaya. Ga littafi mai fayiloli da dama, daga usr_01.txt zuwa gaba, wannan bai wadatar ba. Gara a yanke hukunci sau ɗaya, a rubuta shi da substitution.

Kada a yi gaggawar ɗora shiryayyun ƙa'idojin salon Google ko na Microsoft da umarnin vale sync. Littafin Vim na barin tazara biyu bayan aya, su kuma ɗaya suke so, sai ƙorafi ya cika allo har ya binne na gaskiya. In an ɗora, a kashe da Google.Spacing = NO ko Microsoft.Spacing = NO.

Rauninta babba shi ne tsari. Vale ta san Markdown, AsciiDoc, reStructuredText, HTML da Org, tana tsallake misalan umarni a cikinsu. Fayilolin taimakon Vim kuwa tana ɗaukar su rubutu zalla. Ba ta san cewa *suna* tsakanin taurari alamar masauki ce ba, wato inda mahaɗi ke kai mai karatu, |suna| mahaɗi ne, 'suna' kuma zaɓi ne. Misalin da ya fara da > ya ƙare da < ma karanta shi take kamar jimla, mai duba haruffa ya yi ta kuka a kan kowane umarni. BlockIgnores da TokenIgnores, saitunan da ke sa ta tsallake wani sashe, ba sa aiki a rubutu zalla. Abin yi shi ne a kashe mai duba haruffan, wato Vale.Spelling, ko a zuba sunayen umarnin a accept.txt, fayil ɗin kalmomin da aka amince da su.

Wannan ɓangaren Vim ce da kanta za ta duba. Umarnin :helptags yana fitar da saƙon kuskure na E154 idan alama ta maimaitu. Neman /\%>78v. yana nuna layukan da suka wuce gurbi 78, /\s\+$ kuma tazarar da ta rage a ƙarshen layi. Mahaɗin da ya mutu :helptags ba ya ganin sa, sai an danna CTRL-] a kansa, ko a kwatanta shi da fayil ɗin tags, jerin alamomin da :helptags ke haɗawa. Ƙa'idojin tsarin suna cikin :help help-writing.

Ga littafin da aka rubuta da Markdown ko AsciiDoc, Vale ta cancanci a dogara da ita sosai. Ga na Vim, a ba ta jerin kalmomin da aka amince da su, a mayar da ƙa'idojin matakin error don ta tsayar da duk gyaran da ya saɓa, a bar duba tsari ga :helptags da neman layi.