Na'urar i-STAT da katin CG4+: tana aiki, amma zafin Damagaram na iya tsayar da ita

Idan ƙwayoyin cuta suka bazu a jini har gaɓoɓi suka fara gazawa, abin da likitoci ke kira sefsis, sinadarin laktat, wanda ke taruwa a jini in gaɓoɓi ba sa samun isasshen oksijin, na cikin abubuwan da ake fara dubawa. Ya haura 2 mmol a lita, a sa ido. Ya kai 4, maras lafiya na cikin haɗari. Wannan na'ura ta kamfanin Abbott, wadda ake riƙewa a hannu, tana ba da wannan adadi a bakin gado cikin kamar minti 2, tare da pH (ma'aunin tsamin jini) da iskar oksijin da kabon da ke jini.

Sirrin yana cikin katin, wato ɗan abin da ake zuba wa jini a saka cikin na'urar, sau ɗaya ake amfani da shi. Jini mikrolita 95 kawai yake sha, ɗigo biyu zuwa uku, ya bi ta siririyar hanya zuwa kan ma'aunan. Ga yaron da zazzaɓi ya riga ya ƙarar wa jini, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wajen cikawa ake yawan ɓata kati. Jinin ya tsaya daidai kan alamar, kada kumfar iska ta shiga. A riƙe katin ta gefe, don in aka danna tsakiyarsa jakar ruwan daidaitawa na fashewa, kati ya tafi a banza. Ɗaure hannu ya daɗe, ko barin jini a sirinji, duk suna ɗaga laktat na ƙarya.

Babbar matsalarmu zafi. Na'urar tana aiki ne tsakanin digiri 16 da 30, alhali a Afrilu da Mayu garin nan yakan wuce 40. Ɗakin da ba na'urar sanyaya iska, sai i-STAT ta ƙi awo tsakar rana. Katunan kuma firji suke so, digiri 2 zuwa 8. A fitar da ɗaya ya huta minti 5 kafin amfani, wanda ya ɗumama kuma ba a mayar da shi. Cibiyar da ke Mirriya ko Magariya ta fara tanadar firji mai hasken rana kafin ta sayi na'urar.

Na'urar ba ta faɗin wace ƙwaya ce ta kama mutum, kuma maleriya mai tsanani ma tana ɗaga laktat, don haka da damina gwajin maleriya ya tafi tare da ita. In laktat ya yi sama, a sake aunawa bayan awa 2 zuwa 4, wato a lissafa kati biyu aƙalla ga kowane maras lafiya.