Tukunyar da Dattijon Akihabara Ya Hana Ni Saya

Na shiga wani babban kantin kayan lantarki a unguwar Akihabara da ke Tokiyo da niyyar saya wa Hajiyarmu tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, domin ta huta da hayaƙin gawayi da ke damun idanunta. Na riga na zaɓi wadda ta fi tsada a cikin waɗanda aljihuna zai iya ɗauka, har na miƙa hannu ga akwatinta, sai wani dattijo mai kula da sashen ya matso, ya rusuna, ya tambaye ni a wace ƙasa za a yi amfani da ita. Da na ce Najeriya, sai ya girgiza kai cikin ladabi, ya ce ba zai so in sayi wannan ba.

Da taimakon manhajar fassara ta wayarsa ya bayyana mini cewa wutar gidajen Japan bolt 100 ce, tamu kuwa 230, saboda haka ranar da aka fara jona ta a Kano ranar za ta ƙone. Ya kai ni wani lungu inda aka jera waɗanda aka ƙera domin ƙasashen waje, sannan ya ci gaba da tambaya: shin wutar tana tsayawa, kuma mutum nawa ake dafa wa? Da na gaya masa gaskiyar yadda ake ɗauke ta, ake kuma dawo da ita da ƙarfi ba sallama, sai ya janye ni daga masu kwamfuta a ciki, waɗanda wasunsu kan ja fiye da wat 1,000, abin da ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Ya nuna mini mai maɓalli guda, wadda kuɗinta bai kai rabin na farko ba. Ya kifa ta ya nuna mini ƙasanta: muddin akwai ruwa a ciki zafin ba ya wuce digiri 100, da zarar ruwan ya tsotse sai zafin ya haura, maganaɗisun da ke riƙe da maɓallin ya saki, ta koma ɗumama abinci kawai. Babu allo, babu wani ɗan ƙaramin abin da hawa da saukar wuta zai lalata.

Mutumin nan ya ɓata kusan rabin sa'a yana rage wa kantinsu ciniki. Ina tsaye ina tuna sau nawa na sayi kayan wuta a kasuwanninmu, mai kanti ya rantse cewa na asali ne, ya gwada na daƙiƙa biyar, sannan ya nuna mini rubutun da ke jikin rasit cewa kayan da suka fita ba sa dawowa. A nan Japan, inda kamfanin Toshiba ya fitar da tukunyar farko mai kashe kanta tun 1955, abin da ake fara tambaya shi ne ko za a sami kayan gyaranta, kuma kamfanoni irin su Zojirushi da Tiger suna sayar da tukunyar ciki ita kaɗai, da robar murfi, shekaru bayan an daina ƙera samfurin.

Amma ba duka laifin na 'yan kasuwa ba ne, mu ma muna da namu. Abin da ke fara mutuwa a wannan na'ura shi ne shafen da ke cikin tukunyar, mu kuwa mun saba kankare tukunya da cokalin ƙarfe, mu dirje ta da soson waya, mu mayar da ita gurbinta ƙasanta a jiƙe. Wadda aka yi wa haka ba za ta shekara ba, ko da wa ya ƙera ta, sai kuma mu ce kayan zamani ba su da ƙarko. Dattijon ya ƙara jan kunnena cewa layukan ma'aunin ruwa da ke ciki an yi su ne domin shinkafarsu mai gajeren ƙwaya da danƙo, don haka tamu da ake turarawa sai an ƙara mata ruwa an gwada sau biyu ko uku.

Ni kaina da irinta nake girki a ɗakina, kuma shinkafar Japan tana yin tuwo mai kyau saboda danƙonta. Sai dai tun da na zo ban ci ƙanzo irin na gida ba, wanda muke rububi a gindin tukunyar dafa-duka muna yara, ƙamshin itace na tashi daga murhu, kuma wannan kewar babu na'urar da ta raba ni da ita.

Na sayi mai maɓalli gudan, na haɗa da tukunyar ciki ta biyu da cokalin roba guda uku. A jikin akwatin na rubuta wa ƙanwata da manyan baƙaƙe cewa kada a jona ta sai ta sitabilaiza, kuma kada soson waya ya kusance ta.