Haya a tsakiyar Garwa ko fili a Jambutu?

Ƙanena, tsakanin kama haya kusa da babbar kasuwar Garwa ta Kamaru da sayen fili a unguwar Jambutu da ke gefen gari, ni dai na ce ka kama hayar. Duka biyun na ɗanɗana, kuma lokacin yarana suna firamare kamar naka yanzu.

Cunkoson da ke ba ka tsoro gaskiya ne. A ƙidayar 1987 mutanen Garwa kimanin dubu 142 ne, zuwa ta 2005 sun kusa dubu 236, har a 2007 aka raba garin gida uku, kowanne da magajin garinsa. Amma taron da kake gani a bakin kasuwa da hantsi, yawancinsu ba nan suke kwana ba. Da an kira magariba an ja ƙofofin shaguna, kowa sai ya haye moto, wato babur, ya nufi unguwarsu. Layin da ɗazu ba ka iya tsallakawa sai ya koma filin ƙwallon yara, an ajiye silifa biyu a matsayin raga. Masu kwana a wurin tsofaffin gidaje ne, irin na unguwar Fulbere, inda kowa ya san ɗan gidan wane ne ya wuce.

Makaranta ce ta ɗaure ni a nan. Wata rana cikin watan Afrilu, ka san zafin Garwa idan ya haura 40, zazzaɓi ya rufe 'yar autata tana aji biyu. Malamarsu ba ta ma nemi waya ba, wani ɗan aji shida ta turo da gudu har shago. Na bar wa maƙwabcina awon shinkafa a hannu, da ƙafa na je, na tarar an kwantar da ita a gindin dalbejiya an jiƙa mata ɗankwali a goshi. Kafin azahar an yi mata gwajin jini, ta sha magani, tana gida tana rigimar sai an sayo mata ƙanƙara. Har yau idan na bi ta gindin bishiyar nan sai na tuna. Ga kuma makarantar allo a zauren da ke kallon namu, yaro ya taso boko, ya ci abinci, ya ɗauki allonsa, ba kuɗin moto ko sisi. Sai dai kada wani ya ruɗe ka da cewa firamaren gwamnati kyauta ce tun shekarar 2000. A takarda haka ne, amma kuɗin ƙungiyar iyaye yana nan, ga littattafai, kuma ajin cike yake maƙil, benci ɗaya yara huɗu. Idan yaro ya kai aji shida, ka nemi mai yi masa bita da yamma saboda jarrabawar CEP ta kammala firamare da kuma ta shiga sakandare.

Wurin wasa kuwa, ba zan yi maka daɗin baki ba. Lambun da za ka saki yaro ya yi ta birgima a ciyawa, tsakiyar gari ba ta da shi yadda kake so. Inuwar dalbejiya ce lambunmu. Da sallah muna kai su gidan namun daji, su tsaya gaban birai su ƙi tafiya, manyan kuma hankalinsu na filin wasa na Rumde Ajiya, musamman tun da aka buga gasar cin kofin Afirka a can a farkon 2022.

Jambutu akwai sarari, akwai iska, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Filin da na saya ta wajen can dai kuɗin moton yara safe da rana ne ya sa na sayar da shi ban ko kai linta ba.

Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa maka, domin na ga mutum yana hawaye a kan wannan. Akwai dillalan da ke sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, kowa a ba shi takarda mai hatimin jauro, wato mai unguwa. Wannan takarda shaida ce kawai, ba ita ce takardar mallaka ba. Tun dokar filaye ta 1974, filin da ke da takardar mallaka a gaban notaya, wato masanin shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, ake cinikinsa, in ba haka ba cinikin bai ƙullu ba. Ka karɓi lambar takardar ka je ofishin filaye da ƙafarka a duba sunan wa ke kai. Duk wanda ya ce maka “kawo kafin alƙalami yau, akwai wani Alhaji da ke zuwa gobe”, ka bar wa Alhajin. Kuma kada ka duba fili da rani. Wanda ya ga ambaliyar Binuwai ta 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo, ya san wurin da ke kama da tudu a watan Maris yana iya zama tafki a Agusta.

Ka kama ɗaki biyu da tsakar gida a bayan kasuwa, layi na biyu ko na uku daga babban titi saboda ƙarar motoci. Ka tambayi maƙwabta ko famfo na kawo ruwa da rana, ba mai gidan ba. Kuma ka gama komai kafin Satumba, don da an koma makaranta guraben aji ɗaya ke fara cika.