RX 6400 a cikin tsohuwar Dell OptiPlex: wa ya kamata ya saya, wa ya kamata ya haƙura

Mafi yawan masu son buga gem a kwamfuta da ƙaramin kuɗi ba sabon inji suke haɗawa ba. Kwamfutar ofis ta hannu suke saya, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, sannan su nemi katin girafik da zai shiga cikinta. A nan ne Radeon RX 6400 na kamfanin AMD yake da kasuwa. Kati ne mai amfani ƙwarai ga mutum iri ɗaya tak, wato mai siririyar kwamfuta wadda fawa-fak ɗinta, akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ba shi da ƙarfi. Ga kowa ban da shi, akwai abin da ya fi shi a kuɗin.

An fitar da shi kasuwa a watan Afrilun 2022 a kan dala 159. Yana da memori GB 4 irin GDDR6, kuma wutar da yake ja ba ta wuce wat 53 ba. Wannan adadi na 53 shi ne dukan darajarsa. Ramin PCIe na madabod, wato inda ake zura kati a babban allon cikin kwamfuta, yana iya ba da wat 75 shi kaɗai, don haka katin ba ya buƙatar wata wayar wuta daga fawa-fak. Ka zura shi a rami, ka rufe, shi ke nan. Kamfanonin Sapphire da XFX da PowerColor duk sun yi nasu gajeru, masu cin gurbi ɗaya, da ƙaramar fanka guda.

Sai an buɗe OptiPlex siririya, wadda ake kira SFF, kafin a gane muhimmancin wannan. Fawa-fak ɗin 7040 da 7050 masu wannan jiki wat 180 ne kacal. Ba shi da wayar katin girafik mai fil 6 ko 8, kuma filogin da yake shiga madabod na Dell ne na kansu, ba mai fil 24 da aka saba ba, don haka ba a cire shi a sa na kasuwa haka kawai. Ga kuma matsalar wuri: a da yawa daga cikin waɗannan injuna, babban ramin x16, wanda katin girafik yake shiga, yana manne da fawa-fak, tazarar da ke tsakani ba ta ɗaukar kati mai kaurin gurbi biyu. GTX 1650 gajere, wanda mutane suka fi sani, yawanci gurbi biyu yake ci. Sai ka ga mutum ya saya, ya zo gida, katin ya ƙi zama a ramin da ya dace. RX 6400 mai gurbi ɗaya yana shiga ba gardama. Idan aka haɗa lissafi, furosesa i5-6500 mai wat 65, katin mai 53, sauran kayan su ci kamar 25 zuwa 30, jimilla ba ta kai 150 ba, fawa-fak na 180 zai ɗauka. Wannan ƙarancin cin wuta kuma alheri ne ga mai amfani da inbata ko ƙaramin janareta, domin UPS mai 650VA ma zai riƙe injin da monita har ka adana wasa ka kashe idan an ɗauke wuta.

To ina ƙarfinsa ya tsaya? A 1080p yana tafiyar da GTA V da PES 2021 da eFootball da Valorant cikin nutsuwa. Fortnite da Counter-Strike 2 ma suna tafiya idan an sassauta saiti, sai dai a waɗannan biyun furosesa ce kan fara gajiya kafin katin. Wasan ƙwallo na EA, FC 24, mafi ƙarancin abin da kamfanin ya nema shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570 da RAM GB 8, kuma RX 6400 ya wuce 1050 Ti, saboda haka zai buga shi a matsakaicin saiti. Manyan wasannin da suka fito daga 2023 zuwa yanzu kuwa, sai an sauke komai ƙasa an kunna FSR, dabarar AMD ta zana hoto ƙarami a faɗaɗa shi don wasa ya ƙara gudu, wasu ma duk da haka ba daɗi. A kwalin an rubuta cewa yana yin ray tracing, wato zana haske da inuwa kamar na zahiri. Kada wannan ya ja hankalinka, ba shi da ƙarfin da zai yi shi a wasa na gaske.

Babban aibinsa yana wurin da mai saye ba ya dubawa. Katin layi huɗu kawai yake amfani da su na PCIe, ba goma sha shida ba. A madabod mai PCIe 4.0, layi huɗun suna ɗaukar kusan GB 8 a sakan, wanda ya wadatar. Amma Intel ba ta kawo 4.0 a kwamfutar tebur ba sai a ƙarni na 11 na furosesocinta. Duk OptiPlex mai ƙarni na 4, na 6, na 7, na 8 har na 10, ba ta wuce 3.0 ba, kuma a nan layi huɗu ba su kai GB 4 a sakan ba. An raba hanyar biyu ke nan. Muddin abin da wasan yake buƙata bai wuce GB 4 na memorin katin ba, ba za ka ji bambanci sosai ba. Da zarar ya wuce, sai katin ya fara ajiye ragowar a RAM ɗin kwamfuta yana ɗaukowa ta wannan ƙuntatacciyar hanya, kamar tirela a lungun cikin gari. Alamar ita ce wasa yana tafiya sumul, ka juya kyamara ko ka shiga sabon wuri, sai ya tsaya cak na ɗan lokaci ya ci gaba. Abin takaicin shi ne injunan da suka fi buƙatar wannan kati su ne ainihin waɗanda suke tauye shi.

Maganin yana hannunka, kuma kyauta ne. A saitin kowane wasa, nemi wurin da aka rubuta Textures ka bar shi a Medium ko Low, ko da sauran abubuwan suna sama. Wasanni da yawa, har da GTA V, suna nuna ma'aunin memorin da saitinka zai ci. Tsaya ƙasa da GB 3.5. Wanda ya kiyaye wannan zai sami wasa mai santsi fiye da wanda ya ɗaga komai yana zargin katin.

Aibi na biyu ya shafi masu ɗaukar bidiyon wasansu don TikTok ko YouTube. AMD ta cire sashen da ke matse bidiyo daga wannan kati gaba ɗaya. Babu maɓallin ɗauka a manhajar AMD mai suna Adrenalin, kuma idan ka buɗe OBS, manhajar ɗaukar bidiyon allo, aikin zai faɗa kan furosesa, wadda dama ƙwayoyi huɗu gare ta kuma wasan yana cin su. Ana iya kewayewa ta Quick Sync, sashen matse bidiyo na furosesar Intel, idan BIOS, wato saitin madabod, ya bar girafik ɗin cikin furosesa a kunne, amma wahala ce. GTX 1650 yana da nasa sashen matse bidiyo mai suna NVENC, yana ɗaukar bidiyo ba tare da wasan ya ji ba. Idan ɗaukar bidiyo na cikin niyyarka, RX 6400 ba naka ba ne.

Kafofin monita biyu ne kawai, HDMI ɗaya da DisplayPort ɗaya. Babu VGA. Tsofaffin monitoci masu shuɗin filogi suna da yawa a kasuwa, don haka a sa kuɗin na'urar juya HDMI zuwa VGA a lissafi tun farko.

Kafin ma a kai ga kati, a duba abu biyu, domin sau da yawa su ne ciwon. Na farko RAM. Waɗannan injuna kan zo da sanda ɗaya ta GB 8, wani lokaci ma 4. Sanda ɗaya tana aiki ne a hanya ɗaya, biyu masu girma ɗaya suna buɗe hanya biyu, kuma wasa yana jin wannan sosai, musamman a tsaitsayawar da ake yi a tsakiyar fafatawa. Abin da ya dace shi ne 8 biyu, jimilla 16, a ramuka masu launin maƙalli iri ɗaya. A lura da iri: 7020 da 9020 DDR3 suke ɗauka, 3040 da 5040 DDR3L, 7040 da 7050 da 7060 kuma DDR4. DDR4 ba ya shiga ramin DDR3 ko DDR3L, su ma ba sa shiga nasa, tsagar da ke ƙasan sandar ba wuri ɗaya take ba. Na biyu SSD. Ba ya ƙara yawan firam, wato hotunan da wasa ke nunawa a sakan, amma yana rage jiran lodi da kakkafewar da tsohon hadis ke jawowa a wasanni masu faɗin gari. Na SATA ya isa, 7040 da 7050 kuma suna da ramin M.2 a madabod, wanda siririn SSD yake shiga. Kada a sayi ƙasa da GB 512, tunda FC 24 kaɗai yana neman GB 100. Kati a kan inji mai sanda ɗaya da hadis asarar rabin kuɗinsa ne.

Ga wanda bai sayi injin ba tukuna, ya nemi mai ƙarni na 8, kamar 7060 ko 5060 mai i5-8500. Ƙwayoyi shida gare ta maimakon huɗu, kuma daga ƙarni na 8 ne Windows 11 take karɓar furosesa a hukumance, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. A guji furosesa mai harafin T a ƙarshe, irin i5-6500T, an rage mata wuta zuwa wat 35, gudunta ma ya ragu. Kuma in da hali a ɗauki babbar, mai tsayin jiki, a bar siririyar, domin ita ce ke ba da zaɓi.

Da zarar akwai wuri, lissafin ya canza. RTX 3050 mai GB 6, wanda Nvidia ta fitar a Fabrairun 2024, wat 70 yake ja, shi ma ba ya neman waya, yana da layi takwas, ƙarin memori, DLSS (irin FSR na Nvidia) da NVENC, kuma ya fi RX 6400 ƙarfi nesa ba kusa ba. A duba da kyau, akwai 3050 mai GB 8 wanda yake buƙatar wayar wuta. GTX 1650 na hannu, idan ya samu da araha, shi ma ya fi dacewa da injin 3.0 saboda yana amfani da layi goma sha shida. Wanda kuma yake da akwati na gama-gari da fawa-fak mai kyau na wat 450 zuwa sama, ya tara kuɗi ya ɗauki RX 6600 mai GB 8, wannan wani mataki ne daban. RX 580 mai GB 8 yana da arha a kasuwa kuma har yanzu yana da ƙarfi, amma wat 185 yake ci, yawancinsu sun sha aikin haƙar kirifto dare da rana, kuma wanda aka rubuta wa 2048SP a zahiri ajin RX 570 ne. Abin da ba za a yi ba ko kusa shi ne ɗaura irin wannan kati a fawa-fak ɗin Dell ta hanyar wayar da ke juya filogin SATA zuwa fil 6 ko 8. Filogin SATA wat 54 aka ƙera shi ya ɗauka a layin bolt 12, mai fil 8 kuwa 150 ake ja ta cikinsa. Robar kan narke, wani lokaci har da wuta.

A ƙasan RX 6400 akwai tarkuna. GT 710 da GT 730 ba katin gem ba ne, komai yawan GB ɗin da aka buga a kwali. GT 1030 iri biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya yi kusan rabin na farkon a gudu. Akwai kuma jabun GTX 1050 Ti, tsofaffin katuna irin GTS 450 da aka sauya wa suna a cikin BIOS ɗin katin. Kafar VGA a jikin 1050 Ti babbar alamar tambaya ce. A sa mai shago ya ɗora katin a inji a gabanka, a buɗe GPU-Z, manhajar tana rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan. A bar wasa ko FurMark, manhajar gwada kati, ya yi minti goma sha biyar ana kallon zafi da allon, ko ɗigo-ɗigo ko layuka za su fito.

Wajen sakawa, a cire wayar wuta a danna maɓallin kunnawa na 'yan sakanni don ragowar wuta ta fita. A kwance dogon ƙarfen bayan katin a ɗaura gajeren da ke cikin kwali, a tabbatar yana ciki tun a shago, domin na hannu sau da yawa ba sa zuwa da shi. A sa katin a ramin x16, yawanci shi ne shuɗi a Dell, har maƙallin ya yi ƙas. Wayar monita ta koma jikin katin, ba kafar madabod ta sama ba. Wannan kuskuren shi ne ya fi yawa, mutum ya sa sabon kati amma yana wasa da girafik ɗin Intel bai sani ba. Idan a da akwai katin Nvidia a injin, a goge direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi, da manhajar DDU kafin a sauke na AMD daga shafinsu.

Fankar katin ƙarama ce, tana da ɗan ƙara idan wasa ya yi zafi, kuma a siririyar OptiPlex fuskarta na kallon fawa-fak da tazara kaɗan, iska ba ta isarta sosai. A lokacin zafin bazara da ƙurar hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ɗaga injin daga ƙasa, kada a cusa shi cikin kabad, a riƙa buɗewa ana hure ƙura duk bayan wata biyu ko uku, ana riƙe fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da kima. Furosesar ma, idan tun daga ofishin da ta fito ba a taɓa canza mata man zafi, wanda ake shafawa tsakaninta da ƙarfen sanyaya ta, ba, ya bushe. A goge da tsumma mai tsabta da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure sukurori huɗun ƙarfen sanyayawar a gicciye.

Farashinsa a naira yana bin dala, don haka ma'aunin da ya fi shi ne kwatanci a ranar saye. Idan RX 6400 ya kusa kuɗin RTX 3050 mai GB 6 kuma injinka zai ɗauki na biyun, ɗauki na biyun. Idan injinka siririya ce mai wat 180 ko 200, ramin x16 na jikin fawa-fak, wasanninka ƙwallo ne da GTA V da Valorant, kuma ba ka ɗaukar bidiyo, sayi RX 6400 mai gurbi ɗaya, bayan ka cika RAM zuwa 16 ka sa SSD.