Sashen Baƙi na Cibiyar Kennedy: Kumbon Gaske, da Labarin da Bai Cika Ba

Sashen baƙi na Cibiyar Sararin Samaniya ta Kennedy yana tsibirin Merritt, a gaɓar gabashin jihar Fulorida ta Amurka, tafiyar kusan sa'a guda a mota daga birnin Orlando. Filin na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ne, amma kamfanin Delaware North ke gudanar da sashen tun 1995, kuma da kuɗin da baƙi ke kashewa ake tafiyar da shi, ba da kuɗin haraji ba. Wannan tsari shi ya ba wurin halinsa, domin rabinsa gidan tarihi ne, ɗaya rabin kuma wurin shaƙatawa ne da ke buƙatar jawo iyalai su zo su kashe kuɗi. A ganina, duk inda aka ajiye kayan gaske aka bar su su yi wa kansu bayani, wurin ba shi da na biyu; inda kuwa aka koma ga fitilu da kiɗa da manyan allunan bidiyo, ba ya wuce sauran wuraren nishaɗin da suka cika yankin.

Ginin kumbon Atlantis, wanda aka buɗe a 2013, shi ne ya fi cancantar a fara da shi. A bakin ƙofa an kafa kwaikwayon babban tankin mai da rokoki biyu da ke ɗaga kumbon, tsayinsu mita 56, ta ƙarƙashinsu ake shiga. Bayan gajerun finafinai biyu sai a ɗaga labule, mutum ya ga kumbon kansa a gabansa, an karkata shi gefe guda, ƙofofin ɗakin kayansa a buɗe, kwaikwayon hannun ƙarfen da Kanada ta ƙera a miƙe, kamar yadda 'yan sama jannati ke ganinsa idan ya baro tashar sararin samaniya. Atlantis ya yi tafiya 33 tsakanin 1985 da 2011. Shi ya kai na'urorin Magellan da Galileo da aka aika duniyoyin Venus da Jupiter a 1989, shi ya fara haɗewa da tashar Mir ta Rasha a 1995, shi ya kai ma'aikatan da suka yi wa madubin hangen nesa na Hubble gyaran ƙarshe a 2009, kuma shi ya rufe shirin irin waɗannan kumbuna masu fukafukai baki ɗaya a Yulin 2011, a tafiya ta 135 ta dukan shirin.

Shawara mafi kyau da masu wurin suka yanke ita ce ƙin yi wa kumbon fenti. Wanda ya san shi a hoto kawai yana zaton jikinsa fari ne sumul, amma daga tazarar 'yan mitoci sai a ga cewa yawancin samansa barguna ne na kariya daga zafi da aka ɗinka aka manna, sun yi dauɗa, sun yi shatin ƙuna daga hanci zuwa wutsiya. Idan aka sauka bene na ƙasa aka ɗaga kai, ana ganin cikinsa lulluɓe da dubban ƙananan tayil baƙaƙe, kowanne da lambarsa a jiki, wasu sun koɗe sun koma ruwan toka, wasu sun fi maƙwabtansu baƙi saboda an canza su daga baya. Waɗannan tayil da gefunan fukafukan su ne ke tsakanin mutanen da ke ciki da zafin da kan kai digiri 1,650 a ma'aunin Selsiyas lokacin dawowa cikin iskar duniya. A Disamban 1988 wannan kumbo ya dawo da tayil fiye da 700 a lalace, ɗaya ya fita gaba ɗaya, bayan wani ɓarɓashi ya ɓalle daga kan ɗaya daga cikin rokokin ya buge shi a lokacin tashi. Abin da ya cece shi shi ne farantin ƙarfe da ya zamo yana ƙarƙashin gurbin tayil ɗin da ya fita. Wanda ya san wannan labari kafin ya tsaya a ƙarƙashin kumbon, kallon da zai yi masa daban ne.

A ƙasan ginin akwai wani zaure da aka buɗe a 2015 don tunawa da mutum 14 da suka mutu a kumbunan Challenger da Columbia. Babu kiɗa mai ƙarfi a nan, kuma hatta yara sukan rage murya. Kowane mamaci yana da akwatin gilashinsa, cike da kayan da iyalinsa suka bayar. A na Rick Husband, kwamandan Columbia, akwai takalmansa na makiyayan Amurka da Baibul ɗinsa. A ƙarshen zauren an ajiye wani yanki na gefen Challenger mai ɗauke da tutar Amurka, duk ya kakkarce, da kuma firam ɗin tagogin gaba na Columbia. Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi ranar 28 ga Janairun 1986, saboda sanyin safiyar ya sa zoben roba da ke toshe mahaɗar ɗaya daga cikin rokokin ya sandare ya kasa riƙe wuta, alhali injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren da ya gabaci ranar. Columbia kuwa ya wargaje a samaniyar jihar Texas ranar 1 ga Fabrairun 2003, domin wani gutsuren soso daga tankin mai ya huda gefen fiffikensa na hagu tun ranar tashi, aka ɗauki abin da sauƙi tun da an saba ganin soso na ɓallewa. Zauren ya yi wa mamatan adalci. Sai dai na so a ce an fi fito da wannan ɓangare fili, wato cewa a duka haɗurran biyu akwai alamun da aka gani aka saba da su har aka daina jin tsoronsu, kamar yadda kwamitocin bincike suka tabbatar.

A cikin ginin ne kuma na'urar kwaikwayon tashi take, wadda aka fara aiki da ita a 2007. Ana ɗaure mutum a kujera, a ɗaga ɗakin ya fuskanci sama, a girgiza shi da ƙara mai yawa. Bayanin da ke gabanta, wanda tsohon ɗan sama jannati Charles Bolden ya yi a bidiyo, ya fi girgizar amfani. Tashin gaske yakan ɗauki minti takwas da rabi, nauyin jiki ya ninka har sau uku a kan ƙirji, kuma babu kujerar da ke kafe a ƙasa da za ta iya kawo wannan. Idan layi ya yi tsawo, babu asara a wuce ta.

Abin da bai kamata a wuce ba shi ne motar bas da ke shiga cikin harabar NASA, wadda kuɗinta ke cikin tikiti. Tana bi ta kusa da ginin haɗa rokoki mai tsayin mita 160, kuma da yake yankin gandun namun daji ne, ba abin mamaki ba ne a hango kada kwance a bakin rafi. Tana sauke mutane a cibiyar Apollo da Saturn V, wadda ke ba da tarihin shirin Apollo da ya kai mutane duniyar wata da rokar da ta ɗauke su. Ana fara shiga ɗakin da aka jera ainihin teburan sarrafa harba roka na zamanin, a sake nuna tashin Apollo 8 na Disamban 1968, har tagogi su yi ta karkarwa. Daga nan sai babban zauren da aka kwantar da rokar Saturn V a sama da kawunan mutane, tsawonta mita 111, an raba ta gaɓa-gaɓa. Tafiya daga injunanta biyar na baya zuwa ƙarshenta tana koyar da abin da littafi kan sha wahalar koyarwa: kusan duk wannan ƙaton abu mai ne da tankunansa, kuma ɗan mazugin da ke can ƙarshe, wanda cikinsa bai fi na ƙaramar mota ba, shi kaɗai ke dawowa da mutum uku bayan fiye da mako guda. A wani ɗaki na gefe akwai ainihin irin wannan mazugi na Apollo 14, da rigar Alan Shepard wadda har yau ƙurar duniyar wata ke manne a ƙafafunta da gwiwoyinta. Akwai kuma ɗan gutsuren dutsen wata da aka yarda a taɓa, yatsun mutane sun goge shi ya yi santsi.

Amma abin da ya fi komai nauyi a wannan gini ƙofa ce. Ranar 27 ga Janairun 1967 wuta ta tashi a cikin kumbon Apollo 1 yayin gwaji a ƙasa, ta kashe Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee. An cika ɗakin da zallar iskar oksijin, ga kayan da ke saurin kama wuta, ƙofar ciki kuma ta ciki take buɗewa, saboda haka da matsin iska ya ƙaru sai ya danne ta, babu ƙarfin ɗan Adam da zai iya janye ta. NASA ta adana ƙofar shekara 50 ba tare da nuna ta ba, sai a 2017 aka fito da ita. An ajiye ta kusa da sabuwar ƙofar da aka ƙera bayan haɗarin, mai buɗewa ta waje cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma wannan jerawa ta wadatar ba sai an ƙara dogon bayani ba.

Inda wurin ya gaza, a nawa hukuncin, shi ne a kan wahalar da ba ta da ƙara ko harshen wuta. Baƙo zai fita da fahimtar haɗarin minti takwas na tashi da na sa'ar dawowa, amma ba lallai ya fahimci abin da wata shida na rashin nauyi ke yi wa jiki ba, alhali wannan ita ce babbar matsalar 'yan sama jannatin yau. Akwai kusurwar da ke nuna yadda ake barci da motsa jiki da biyan buƙata a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, amma an tsara ta ne don yara su yi dariya su ɗauki hoto. A tashar, wadda ke kewaya duniya a tazarar kusan kilomita 400 cikin minti 90, ƙasusuwan da ke ɗaukar nauyin jiki kan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na ƙarfinsu a kowane wata, shi ya sa ake wajabta motsa jiki na kimanin sa'a biyu kullum, mutum na ɗaure da igiyoyi a kan injin gudu. Ruwan jiki yana taruwa a kai, fuska ta kumbura, kuma da yawa daga masu daɗewa sun dawo da canji a bayan ƙwayar ido da raunin gani. Rana tana fitowa ta faɗi sau 16 a yini, barci ya rikice. Ruwan sha kuwa daga gumi da fitsari ake tace mafi yawansa.

Ga kuma rashin tabbas na ranar komawa gida. Frank Rubio ya tafi don wata shida a 2022, ya ƙare da kwana 371 saboda kumbon Soyuz da zai dawo da shi ya yi yoyon ruwan sanyaya inji. Butch Wilmore da Suni Williams sun tashi a Yunin 2024 don tafiyar kusan mako guda a kumbon Starliner, ba su taka ƙasa ba sai Maris na 2025. Har yanzu babu wanda ya zarce Valeri Polyakov na Rasha, wanda ya yi kwana 437 a jere a tashar Mir tsakanin 1994 da 1995. Ginin Gateway da aka buɗe a 2022 yana cike da kumbuna da rokokin zamani, ciki har da na kamfanin SpaceX, yana kuma ɗaukar baƙi tafiyar kwaikwayo zuwa duniyar Mars cikin 'yan mintuna. Kallon yana da daɗi, amma tafiyar gaske za ta ci watanni a hanya kafin a isa, nesa da kariyar maganaɗisun duniya inda haskoki masu illa ke ratsa bangon kumbo su ƙara haɗarin cutar kansa, kuma saƙo ɗaya zai iya ɗaukar fiye da minti 20 kafin ya iso ƙasa, ta yadda likita ba zai iya bin mara lafiya kai tsaye ba. Wurin da ke tallata zuwa Mars ya kamata ya ba waɗannan batutuwa zaure nasu.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne ganawa da ɗan sama jannati, wadda ake yi kullum kuma tana cikin kuɗin shiga. Tsohon ma'aikaci ne ke tsayawa a gaban jama'a ya yi bayani ya amsa tambayoyi, kuma armashin zaman ya danganta ga wanda aka samu da irin tambayar da aka yi masa. Wanda ya tambayi yadda ranar farko ta dawowa take, lokacin da kai ke juyawa ƙafafu suka ƙi ɗaukar jiki, ko yadda ake zama wata da watanni da mutanen da ba kai ka zaɓe su ba, zai sami abin da babu shi a kan allunan.

Ta fuskar kuɗi, wurin ba mai araha ba ne. Tikitin babba ya kai dala gommai masu yawa, ajiye mota da kuɗinsa daban, kuma zama na musamman da ɗan sama jannati ko horon kwaikwayo duk ƙarin kuɗi ne. Abincin da ake sayarwa na cika ciki ne kawai. Kusan duk bayanai da Turanci suke, wanda ba ya jin harshen zai dogara da idonsa ko da na'urar fassara. A lokacin zafi Fulorida tana da tsananin rana da hadarin la'asar, kuma motocin bas suna daina tashi tun kafin a rufe wurin, saboda haka dabara ita ce a shiga da wuri, a tafi cibiyar Apollo da safe, a bar Atlantis zuwa rana tsaka tun da cikin gini yake.

Mutane da yawa kan so su haɗa ziyararsu da ranar harba roka, kuma daga wurin kallo na kusa da cibiyar Apollo ana hango dandalin 39A, wanda daga kansa aka tafi duniyar wata kuma SpaceX ke haya tun 2014, da maƙwabcinsa 39B. Wasu ranakun ana buƙatar tikiti na musamman, kuma babu wanda ke ba da tabbacin cewa rokar za ta tashi. An shirya harba Artemis I, kumbon gwaji na NASA zuwa kewayen duniyar wata, ranar 29 ga Agustan 2022, amma matsalar na'urar auna zafin inji, da yoyon iskar haidurojin, da guguwa biyu, suka jinkirta shi har 16 ga Nuwamba. Wanda zai taso daga nesa ya sayi tikitin jirgi, gara ya tsara tafiyarsa a kan Atlantis da Saturn V da ƙofar Apollo 1, ya kuma karanta sharuɗɗan tikitin kallon harbi da kyau kafin ya biya.